Keke da Kaka a Katsina-Laka

Idan marka ta wuce, hadari ya fara yin ƙaranci, sai ƙasar kudancin Katsina ta shiga wasu 'yan makonni waɗanda babu kamarsu a duk shekara. Tun daga tsakiyar watan Satumba har zuwa ƙarshen Oktoba ruwa bai ɗauke ɗungum ba, amma ya daina hana fita. Taɓon hanya ya fara ƙeƙashewa, ƙurar hunturu ba ta taso ba tukuna, raɓa tana kwana a kan ciyawa har hantsi. Gero ya nuna, masara ta bushe a kan karanta, dawa ta fitar da kai tana jiran lokacinta, auduga kuwa ta fara fashewa. A wannan ɗan tsakani ne ya kamata ɗalibin Hausa wanda yake son sanin garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya fita ya zaga su, kuma abin hawan da ya dace da wannan aiki shi ne keke. Mai karatu yana iya yin murmushi, ko ma ya ce wannan maganar wanda bai san halin da ƙasar take ciki ba ce. Za a zo ga wannan. Amma kafin a yi maganar abin da ya hana, ya kamata a san abin da aka hana.

Dalilin zaɓen kaka a fili yake ga duk wanda ya tashi a karkara. Da damina manomi ba shi da lokacin baƙo, domin kuwa yana gona tun asuba, kuma ran da rumbu ya yi ƙasa magana ma takan yi ƙasa. Da rani samari sun tafi cin rani, gari ya koma na tsofaffi da yara. Da kaka kuwa kowa yana gida, kuma kowa yana da abin faɗi. A lokacin ne harshe yake fitar da kalmomin da yake ɓoyewa sauran watanni. Ɗalibin da ya haddace zangarniya da bununi da ƙaiƙayi da totuwa da angurya daga ƙamus, a nan zai gan su a hannun mutane, ya ji yadda ake sarrafa su cikin zance. Zai ji bambancin da manomi yake yi tsakanin yankan gero da karyar masara da roron wake da cirar gyaɗa, alhali mutumin birni duk girbi yake ce musu. Zai ji waƙar mata wajen sussuka, da kirarin samari wajen ɗaurin dami, da irin habaicin da ake yi wa rago ranar gayya. Kuɗi ma a lokacin suke shigowa, saboda haka bukukuwan aure da dambe da kalankuwa duk a bayan amfanin gona suke biyowa. Wanda ya je garin manoma a watan Maris ya ce ya san su, bangon gidajensu kawai ya gani.

To, don me keke? Mota dai ba ta shiga lungu, ba ta bin burtali, kuma idan ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa ta riga ta yi magana kafin mai ita ya buɗe baki. Mutanen ƙauye sun daɗe da sanin cewa mota ba ta zuwa sai da dalili: ko ma'aikacin hukuma, ko ɗan siyasa, ko mai rabon kayan agaji. Saboda haka amsar da za a ba mai mota amsa ce wadda aka auna, aka tace, aka yi mata kwalliya gwargwadon abin da ake tsammanin samu ko ake tsoron rasawa. Tafiyar ƙasa kuwa tana da kyau, sai dai yini guda ba ya isar mai ita ya zaga gari da unguwanninsa na waje. Keke ya zauna a tsakiya. Yana da saurin da zai kai mutum kasuwa da maƙera da marina da bakin rafi kafin azahar, yana kuma da sanyin tafiyar da zai bar shi ya yi sallama, a amsa, ya sauke ƙafa ɗaya a gaisa. Mai keke yana jin ƙamshin tumu da ake gasawa a bakin gona, yana jin sautin taɓarya daga bayan danga, yana ganin gawo ya fara fitar da ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa suke shirin zubar da nasu. Mai babur duk waɗannan sun wuce shi kafin ya waiwaya.

Ga shi kuma babur a wannan yanki ya sami wani suna wanda ba shi da shi a da. Shekarun nan sun koya wa mutanen Faskari da Sabuwa cewa ƙarar babura da yawa daga nesa alama ce ta a kwashi yara a shiga gona. Baƙon da ya shigo ƙauye a kan babur, ko da shi kaɗai ne, sai an dube shi sau biyu. Keke kuwa bai sami wannan suna a nan ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai neman ilmi ya zaɓe shi.

Keke ba baƙo ba ne a Katsina-Laka, watau wannan sashe na kudu mai ƙasa mai nauyi da ruwan sama mai yawa. Tarihinsa a nan yana tafe da tarihin auduga. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, sai noman auduga ya bunƙasa, aka kafa injin gurza a Funtuwa, aka yi gonar gwajin iri a Daudawa, aka buɗe fuloti-fuloti a garuruwa. Mutane suka yi ta ƙaura daga arewacin Katsina da ƙasar Sakkwato da ta Kano suna neman sabuwar gona. Manomin da audugarsa ta yi kyau, abin da yake fara saye bayan ya biya haraji ya ɗinka wa iyali sutura shi ne keke, kuma sarkin kekuna a lokacin shi ne Raleigh, wanda daga baya har masana'antarsa aka kafa a Kano. Malamin gona da malamin haraji da duba-gari da malamin makaranta duk a kansa suke rangadi. En'e tana yanka masa lasin, ana maƙala masa ɗan ƙarfe mai lamba. Ango yakan yi masa ado da madubai da fitila da ƙararrawa biyu, yaro kuma yakan tara kwabbansa ya karɓi keken haya na rabin sa'a ya koyi tuƙi a filin makaranta. Duk labarin da ya shiga ƙauye a wancan zamani, na zaɓe ne ko na farashin auduga ko na rasuwa, galibi a kan kariyar keke ya iso.

Martabarsa ta fara zubewa ne lokacin da kuɗin man fetur suka shigo. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, sai malamin da jiya yake taka feda ya wayi gari a kan Honda ko Vespa, keke ya koma na mai tallan kalanzir da mai ɗauko itace. Tun daga nan aka ɗora masa tambarin talauci. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma ga keke, har ya riƙa hawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Da wata motar safa ta ture shi cikin kwalbati, dariya aka yi, aka rufe maganar. Abin da wa'azin minista ya kasa, tsadar mai ta yi shi. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Da aka janye tallafi ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Sai ga tsofaffin kekuna suna fitowa daga zaure, sai ga masu faci sun sake samun ciniki. Amma har yanzu ɗalibin jami'a yana ganin hawansa zubar da girma ne, alhali a ƙasar Holan, inda babu wanda zai ce talauci ne ya sa, kekuna sun fi mutane yawa.

A ɗauka ɗalibi ya kawar da wannan kunya, ya hura tayoyinsa. Me zai gani?

A Ƙanƙara zai fara da tambayar da take kwance a ƙofar fada: me ya sa hakimin garin yake riƙe da sarautar Sarkin Pauwa, alhali garin Pauwa daban yake? Amsar tana bakin tsofaffi, kuma cikinta akwai tarihin yadda gari yake tashi wani ya kwanta, da yadda sarauta take ƙaura ta bar sunanta na asali a jikinta. Zai ga ramukan farar ƙasa waɗanda aka san garin da su, ya ji kalmomin masu haƙa da masu ɗauka da dillalai, waɗanda babu wanda ya tattara su tukuna yadda ya kamata. Zai wuce ta gefen Makarantar Sakandaren Kimiyya, wadda duniya ta san sunanta ta hanyar da ba a so. A ƙasar Faskari zai tarar da garuruwan da suke jere a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, irin su Mairuwa da Sheme da 'Yankara, inda kasuwa take haɗa Bakatsine da Bazamfare da Bafillace a inuwa ɗaya. Zai ji sunan Kogo ana maimaita shi, a matsayin tsohon gari, da sarauta, da kuma daji. Dajin nan yana cikin waɗanda Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da su gandun daji na ƙasa a 2020, a daidai shekarun da ko mafarauci ba ya iya shigarsa. A Sabuwa kuwa, wadda take maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari, zai ga inda Katsina take ƙarewa, ya ji sunaye irin su Damari da Dungun Mu'azu, kowanne da labarin wanda ya fara sare wurin.

Ga mai nazarin harshe, babbar dukiyar wannan yanki ita ce cakuɗuwar karin harshe. A aji akan zana taswira a ce nan Katsinanci, nan Zazzaganci, can Sakkwatanci, kamar dai akwai katanga a tsakaninsu. A kasuwar Sheme babu wannan katanga. Mai sayar da shanu yana cewa "shina zuwa" da "hwara" da "rigas sarki", wanda ke gefensa yana cewa "yana zuwa" da "fara" da "rigar sarki", wani kuma da ya fito daga kudu yana nuna halin nan na Zazzaganci na rashin damuwa da bambance jinsi. Jikokin waɗanda suka ƙauro saboda auduga sun riƙe wani abu daga bakin kakanninsu, sun saki wani. Wace kalma ce ta tsira, wace ce ta ɓace, kuma a wace unguwa? Ba a gano irin wannan da takardar tambayoyi da aka aika ta waya. Sai an bi unguwa-unguwa, an zauna a dakali, an saurari mutane suna magana da junansu, ba da mai bincike ba. Littafin Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, bai sami ƙarfinsa daga takardun Turawa kaɗai ba. Marubucin ya bi garuruwa ya zauna da tsofaffi. Yawancin irin waɗannan tsofaffi sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka gaje su kuma su ne yanzu suke kan hanya.

Yanzu sai maganar da mai karatu yake riƙe da ita tun farko. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da ɓarayin daji suka fi addaba. A watan Yuni 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga a kan babura suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur daga magariba zuwa asuba a yankunan da abin ya shafa. Cikin Satumba na shekarar aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai a Disamba aka fara mayarwa. Kakar da ake yabo a sama ita ce lokacin da ɓarayi suke ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su bari a taɓa amfanin gona, dogayen karan dawa kuma da suke ƙawata hanya su ne maɓoyarsu. Ashe ba ganganci ba ne a ce wa ɗan mutane ya hau keke ya shiga irin wannan wuri?

Ganganci ne, in dai ana nufin ya kama hanyar daji shi kaɗai da littafi a aljihu. Duk malamin da ya tura ɗalibi haka ya ɗauki alhaki. Amma a lura da abu biyu. Na farko, waɗannan garuruwa ba kufai ba ne. Dubban mutane suna kwana suna tashi a cikinsu, ana cin kasuwa, ana zuwa makaranta, ana ɗaura aure, kuma mutanen gari sun san iyakar inda ake zuwa da inda ba a zuwa, da sa'ar da ake fita da wadda ake komowa. A sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Katsina da Dutsinma akwai 'ya'yan waɗannan garuruwa, waɗanda can suke komawa hutu ko an tura su ko ba a tura su ba. Su ake nufi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada keken ɗalibi ya wuce inda keken ɗan gari yake tsayawa. Ya fara da gaishe da hakimi ko dagaci ya faɗi abin da ya kawo shi, ya fita da hantsi ya dawo kafin la'asar, kada ya tambayi kowa abin da ya shafi ɓarayi ko 'yan sa-kai, kada ya ɗauki hoton abin da ba a ba shi izini ba. Lokacin da ake zargin kowa da zama ɗan leƙen asiri, baƙon fuska mai yawan tambaya yana iya jawo wa kansa da mai masaukinsa fitina. Ɗan gari a kan keken babansa ba ya cikin wannan hatsari.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, rashin tsaron nan shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Ƙauyukan da aka tasa, mutanensu sun kwararo cikin Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa da Ɗandume, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangwaye da bayan gari. Tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa na ƙauyensu, da tsohon da ya san sunan kowace fadama da kowane dutse da wanda ya haƙa kowace rijiya, yanzu suna zaune a lungun da keke yake kaiwa cikin minti goma daga tasha. Sunayen wurare suna rayuwa ne muddin ana zuwa wuraren. Yaron da aka haifa a gudun hijira ba zai san sunan gonar kakansa ba, kuma ran da aka koma, in an koma, rigimar iyaka za ta tashi a kan abin da babu mai tunawa. Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan. A ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sukan ratso ta dajin Rugu su faɗa wa garuruwan Katsina, mutane su tattaru a bayan ganuwa ko a kan duwatsu. Abin da aka sani game da yadda talaka ya rayu a irin wancan zamani kaɗan ne, kuma wani kaso mai kyau daga cikinsa ya fito ne daga bakin mace guda, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950, aka buga labarinta a 1954. Abin kunya ne a ce bayan shekara saba'in, da sassan Hausa a jami'o'i da yawa, a sake jiran baƙo ya zo ya rubuta.

Misalin Baba ya kawo maganar ɗalibai mata. Za a ce al'ada ba ta saba ganin budurwa a kan keke a tsakiyar kasuwa ba, kuma akwai gaskiya a ciki, ko da yake 'yan mata masu zuwa makaranta a kan keke ba abin mamaki ba ne a garuruwa da yawa yanzu. Ko ta hau ko ta taka, rabin aikin nata ne, domin namiji iyakarsa zaure, alhali sussuka da surfe da waƙa da tatsuniya suna cikin gida.

Tun daga 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma aka yi ta zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari. Wasu sun yaba, wasu sun ce an taɓa yin irinsa a baya ya watse. Jawabin jami'i a gaban na'urar ɗaukar hoto ba ya raba wannan gardama, domin jami'in da rakiyar motocin soja ya zo, da ita kuma zai koma. Mai keke shi ne wanda ba shi da gudu, ba shi da rakiya, ba shi da gilashin da zai ɓuya a baya. Idan ana son sanin ko sulhu ya kama, a tsaya a bakin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da la'asar sakaliya a ƙirga masu keke da suke dawowa da dami a kariya, a tambaye su daga ina suka fito. Ɗalibin da ya rubuta iyakar inda kekuna suke kaiwa a kakar bana, wani ya sake rubutawa a ta baɗi, ya ajiye wa masu tarihi ma'aunin da ya fi sanarwar gwamnati aminci.

Abin da ake bukata daga sashen Hausa bai taka kara ya karya ba. A ware wa ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa batutuwan kundin digiri da suka shafi garuruwansu, maimakon a bar su suna ta maimaita nazarin jigo da salon littattafan da aka riga aka tatse. A koya musu yadda ake neman izini da yadda ake sakaya sunan mai ba da bayani. Ƙungiyar ɗaliban Hausa tana iya sayen kekuna biyar ko shida na hannu da kuɗin da take kashewa a walimar Makon Hausa, ta riƙa bayar da aro, da famfo da kayan faci. Wayar da take aljihun kowane ɗalibi ta isa ɗaukar murya. Sauran abin da ya rage shi ne a daidaita lokacin fita da kalandar manomi maimakon ta jami'a, domin tsakanin yankan gero da girbin dawa makonni ne ƙalilan. Da zarar an shiga Nuwamba iska ta juya, buhuna sun kama hanyar kasuwar Ɗandume da ta Dawanau, samari kuma sun fara ɗaure kayan cin rani.